Ɗan kwikwiyo mai ɓarna: duka, igiya ko keji?



Wani mai sauraronmu daga Gidan Katta a ƙaramar hukumar Illela ya turo saƙo. Ya samo kwikwiyo ɗan wata 4 don gadin gida. Ranar Lahadi ya tafi kasuwar Illela, iyali kuma suka tafi biki. Da ya dawo ya tarar tabarma a yayyage, takalmin roba a tattaune, 'yan tsakin maƙwabci biyu kuma a mace. Maƙwabcin ya rantse in aka sake, guba zai sa wa karen. Tambayarsa: ya doke shi ne, ko ya ɗaure shi?

To malam, kada ka yi ko ɗaya. Daga wata 4 zuwa 7 kwikwiyo famfara yake, haƙoran nono 28 su zube, na girma 42 su fito. Dasashi na masa ƙaiƙayi, ga kaɗaici, dole ya tauna abin da ya samu. Dukan da ka yi masa da la'asar, bai san na ɓarnar safe ba ne, tsoronka kawai zai koya. Igiya kuwa tana iya shaƙe shi kana kasuwa.

Sa mai walda ya yi maka keji na waya, wanda zai iya tsayuwa, ya juya, ya miƙe a ciki. Amma fa kada ka jefa shi ka rufe ran farko. Bar ƙofar a buɗe, riƙa ba shi abinci a ciki kwana uku ko huɗu. Sannan ka rufe na minti 5 kana kusa, gobe 10, jibi 20. In ya yi kuka, jira ya yi shiru kafin ka buɗe. Sa masa babban ƙashin sa ɗanye ya gwaigwaya, ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soki ciki. Kada kuma keji ya zama wurin horo.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, zafi. Kun san Sakkwato a watan Afrilu, zafi na wuce digiri 40. Kejin kwano a rana kabari ne. Ajiye shi inda inuwa ba ta gushewa, iska na shiga, da ruwa a kwanon da ba zai kife ba.

Na biyu, ɗan wata 4 ba ya riƙe fitsari fiye da kamar awa 4. Ranar kasuwa, bar wa wani yaro amana ya fito da shi da azahar.

Ka kuma kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Maƙwabci kuwa, biya shi tsakinsa, ka nuna masa kejin.

Ku ci gaba da turo tambayoyinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.