Jawabi A Kan Mabuɗan Waya Da Matar Da Ta Tsere Wa Cutar Miji

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Amma bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, a zamanin iyayenmu in mace ta gaji da dukan miji ta yi yaji, ko kuwa ya sake ta, da ta shiga zauren ubanta ta tsira, zama katanga ta raba su. Yau kuwa takan fito da waya a hannu, wayar nan shi ya saya, shi ya sa mata layi, shi ya buɗe mata asusu. Ta bar ɗakinsa, amma mabuɗanta suna aljihunsa. Abin da zan bayyana muku ke nan, domin ku ake fara kawo wa kuka.

Ƙofofin da yake shiga ta cikinsu huɗu ne.

Ta fari, layi. Tun watan Disamba 2020 hukuma a Nijeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. In da sunansa aka yi rajista, yana iya zuwa ofishin kamfani ya ce layi ya ɓace a ba shi sabo. Nan take nata ya mutu, saƙon banki da lambar shiga WhatsApp su koma wurinsa.

Ta biyu, WhatsApp kansa. Akan jona shi da wata na'ura, kuma wanda ya riƙe wayar a buɗe na ɗan lokaci ya isa ya yi haka. Sa'an nan yana can zaune yana karanta abin da take rubuta wa uwarta.

Ta uku, asusun Google ko na Apple. Wanda ya san lambar sirrinsa yana iya ganin hotunan da aka adana a ciki, har da wurin da wayar take a taswira.

Ta huɗu, manhajar leƙen asiri wadda ake ɓoyewa cikin waya. Kada ku ɗauke ta tatsuniya. A 2019 kamfanonin tsaron kwamfuta da ƙungiyoyin taimakon mata suka haɗa kai domin yaƙarta, kuma a 2021 hukumar ciniki ta Amurka ta hana kamfanin SpyFone wannan sana'a.

To, in mace ta ce muku tsohon mijinta ya san inda ta kwana, ya san abin da ta faɗa a ɓoye, kada ku ce waswasi ne ko aikin sammu. Ku tambaye ta wa ya saya mata waya.

Yanzu ga magani, kuma lalle a bi shi daki-daki, gama jerinsa shi ne rabin amfaninsa.

Na fari, kada ta yi gaggawar gogewa ko sake lambobi muddin hannunsa na iya kai wa gare ta. Da ya ga idonsa ya makance zai gane ta farga, kuma masu aikin ceton mata sun daɗe da sanin cewa lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci haɗari. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, ta nemi taimako da wayar da bai taɓa riƙewa ba, kamar ta 'yar'uwa ko ta aminiya.

Na uku, ta ajiye shaida. Kowane saƙon barazana a ɗauki hotonsa da wata waya, lambar mai aikowa da kwanan wata su fito sosai. Alƙali da abin da ya gani yake hukunci.

Na huɗu, in ta sami wurin aminci, sai ta yi sabon layi da lambar shaidarta, ta buɗe sabon asusu, ta sa lambar sirri wadda ba ranar haihuwar ɗanta ba ce. Ta duba na'urorin da aka jona da WhatsApp ta fitar da baƙi, ta sa masa makulli na biyu mai lamba 6, ta je banki a sake lambar da ake aiko mata saƙo. Wayar da ya ba yara kyauta ita ma a duba ta.

Saura maganar hotuna. Wani yakan ce in ba ta koma ba zai watsa hoton tsiraicinta. Ku sani kunyar tana kan mai cin amana. Tun 2021 akwai StopNCII, wanda wata ƙungiya a Ingila take gudanarwa domin masu shekara 18 zuwa sama. Hoton ba ya barin wayarta. Wata alama ce ta lissafi ake cirowa daga gare shi a aika wa Facebook da Instagram da TikTok da wasunsu, domin su tare shi in an yi niyyar sa shi.

Doka kuma ba ta yi shiru ba. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka gyara a 2024, a sashe na 24 ta haramta aika saƙon da zai sa mutum tsoron kisa ko rauni. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mai da bibiyar mutum laifi, ta kuma ba kotu ikon ba da umurnin kariya; a Abuja ta fara aiki, daga baya jihohi irin su Kaduna da Bauchi suka kafa tasu. Nijar ma ta yi dokar laifukan intanet a 2019.

Ya ku malamai, kun fi ni sanin an hana tajassusi a Suratul Hujurat, kuma aure bai halatta shi ba, balle bayan saki. Roƙona gare ku guda ne: in ta kawo kuka, kada ku kira mijin ku karanta masa abin da ta faɗa da sunan sulhu kafin ku tabbata ta tsira. Ku kuma almajirai, ku da kuka san waya, wanda ya ce ku jona masa wayar matarsa a ɓoye, ku ƙi, ko nawa ya ba ku.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. Allah Ya sa mu dace. Haza wassalam.