Ajiye Iri Kafin Ambaliya



Manomin shinkafa a fadamar Argungu ba ya jiran gulbin Rima ya cika kafin ya kai irinsa tudu. Wannan dabara ce likitoci suka ɗauko game da haihuwa. Alluran ciwon daji da gashin da ake yi wa majiyyaci suna kashe cutar, amma sau da yawa sukan hallaka ƙwayayen haihuwar mace, waɗanda da su aka haife ta, kuma ba a sake mata wasu.

To, kafin a soma magani sai a yanko ɓawon jakar ƙwan, a daskarar da shi cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. In ta warke, a narkar da shi a dasa mata. A shekarar 2004 ne Farfesa Jacques Donnez ya ba da labarin haihuwar farko ta wannan hanya a birnin Burasal na Beljiyam. Wadda ta fi shafarmu kuwa ita ce ta 2014, a wannan birni dai: wata 'yar asalin Kwango mai ciwon sikila, an cire nata tana da shekara 13 kafin dashen ɓargo, ta haifi ɗa namiji tana da 27. A 2019 ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta daina kiran aikin gwaji. Yana da haɗarinsa, musamman ga masu sankarar jini, domin cutar tana iya laɓewa cikin naman ta dawo.

Wani zai ce mu da muke fama da kai mara lafiya daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato neman gashi, ina mu ina wannan? Lalle ceton rai ne gaba. Amma mun san abin da ke jiran yarinyar da ta warke ta rasa haihuwa a gidajenmu: gori, kishiya, wani lokaci takardar saki. Naman kuwa nata ne aka mayar mata, ba a gauraya nasaba da kowa ba.

Saboda haka muna roƙonku, ku da gobe za ku riƙe asibitoci da ma'aikatar lafiya, ku sa a riƙa gaya wa mace da iyayenta abin da maganin zai yi wa haihuwarta tun kafin allurar farko, domin bayanta sau da yawa irin ya riga ya tafi.