Baƙo da Mai Masauki: Matsalar Girman Shafin Memori a Kwamfutocin Hannunmu



Tun da Apple ya fitar da injinsa na M1 a watan Nuwamba 2020, kwamfutocinsa na hannu masu ɗauke da shi suka fara shigowa kasuwar Computer Village, kuma matasanmu masu koyon manhaja suna sayensu. Da yawa sukan ɗora wata kwamfutar a cikin ta ainihi domin su yi aiki da Linux ko Windows. Ta cikin ita ce baƙuwa, ta ainihin ita ce mai masauki. Wani lokaci baƙuwar ta ƙi tashi, ko ta cinye memori ta ƙi saki, sai a ce wa mai kaya ram ɗinsa ya yi kaɗan. Sau tari ba nan gizo ke saƙar ba.

Kwamfuta ba ta raba memori bayit-bayit, a shafi-shafi take rabawa. Injinan Intel da AMD sun daɗe a kan shafi mai kilobayit 4. Tsarin ARM kuwa ya ba da zaɓi uku: 4, 16 ko 64. macOS a kan M1, wanda na tsarin ARM ne, yana aiki da 16, kuma injin bai san 64 ba sam. Shi ya sa nau'o'in Linux irin su RHEL 8 da CentOS 8 na ARM, waɗanda aka gina a kan 64, ba sa tashi a matsayin baƙi a wannan kwamfuta, komai yawan ram ɗin da aka ba su. RHEL 9 na 2022 ya koma 4, ya tashi lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne mayar da memori. A KVM da QEMU, manhajojin da ake ɗora baƙi da su, akwai dabarar da ake kira virtio-balloon, wadda baƙuwa ke bi ta mayar da shafukan da ba ta buƙata, kuma lissafinta kullum a kan kilobayit 4 yake. To, a ce mai masauki yana kan 16. Shafinsa ɗaya ya ƙunshi na baƙuwa huɗu. Idan ta mayar da uku ta riƙe ɗaya, ba abin da zai iya karɓa, tamkar dilan lemo da ba ya karɓar kwalabe sai kiret ya cika. Idan a kan 64 yake, sai guda 16 da ke jere sun dawo tare. Baƙuwa tana ganin ta yi sadaka, mai masauki bai ga ko ƙwandala ba. Ga wanda ya tara baƙi biyar a kan sabar ɗaya a ofis ko makaranta, wannan asarar kuɗi ce tsagwaronta.

Amma bambancin yakan zama magani. Masu aikin Asahi Linux, da suka ɗora Linux a kan injinan Apple, sun tarar wasannin da aka rubuta don Intel suna neman shafi mai 4. A 2024 suka fito da mafita: ƙaramar baƙuwa mai shafi 4, ta hanyar manhajar muvm, a cikin mai masauki mai 16. Ni a ganina wannan ita ce hanya mafi tsabta, domin ba a tilasta wa kowa canza awonsa ba.

Kada mu ɗauka matsalar Apple ce kaɗai. Raspberry Pi 5 na 2023 ya zo da kanel mai shafi 16, Android 15 ma ya buɗe ƙofar 16 ɗin.

Roƙona ga iyayen gida masu yara a shago: ku koya musu buga umarnin getconf PAGESIZE a baƙuwa da mai masauki kafin su ce wa kwastoma ya sauya kwamfuta. Idan ɗaya ta nuna 4096, ɗaya 16384, daga nan za a fara bincike.