Shekarar Onas: Matakin da Ke Tsakanin Digiri na Farko da na Biyu a Jami'o'in Afirka ta Kudu



Maganar da za a yi yau ta shafi wani irin digiri ne wanda sunansa sananne ne a ƙasar nan, amma ma'anarsa a wata ƙasa dabam take. Duk wanda ya gama jami'a a Nijeriya a fannin harshe, ko adabi, ko tarihi, ko falsafa, ya san kalmar nan ta Onas, domin tana rubuce a jikin takardar shaidarsa ta digirin B.A. A wurinsa digiri na farko ke nan, wanda a kan yi a shekara huɗu, a rubuta ɗan kundi a ƙarshe. To, amma a Afirka ta Kudu, Onas digiri ne mai zaman kansa, wanda ba a shiga sai an riga an sami digiri na farko. Kada kuma a rikita shi da digirin girmamawa, wanda jami'a kan bai wa sarki ko attajiri ranar bikin yaye ɗalibai. Wancan riga ce a kan yafa wa mutum. Wannan kuwa sai da gumi.

Asalin kalmar daga Ingila yake. A farkon ƙarni na 19 ne Jami'ar Okosfod ta fara ware ɗaliban da suka ɗauki jarrabawa mai tsanani, tana jera su daraja daraja, dabam da waɗanda suka tsira da ƙyar. Tsarin ya bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka, kowace ƙasa kuwa ta tanƙwara shi yadda ya yi mata. Kwalejin Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta karɓe shi a matsayin digiri na farko mai zurfi a fanni guda, haka kuma ya zauna a Nijeriya. Afirka ta Kudu da Ostareliya kuwa sai suka mai da shi shekara ɗaya ta ƙari a bisa digirin shekara uku. Mutanen Nijar da suka yi karatu kafin a sauya tsari ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin shekarar nan ta huɗu da Faransawa ke kira metiris, wadda a kan rubuta kundi a cikinta, kusan aikinta ke nan.

A yadda dokar ilmi ta Afirka ta Kudu ta tsara tun daga 2008, takardun shaida hawa goma ne. Digirin shekara uku yana hawa na 7, Onas na 8, digiri na biyu na 9, na dakta kuwa na 10. A kan auna kowane karatu da wani ma'auni da ake kira kiredit, kowane ɗaya a madadin sa'a goma ta aiki. Onas kiredit 120 ne, watau sa'a 1,200, tsakanin watan Fabrairu da na Nuwamba. Daga ciki an wajabta a ware aƙalla 30, watau sa'a 300, domin bincike a ƙarƙashin malami mai duba aiki. Ba kowa ake ɗauka ba. Sassa da yawa sukan nemi maki 60 ko 65 cikin ɗari a fannin da ɗalibi ya ƙware a shekararsa ta ƙarshe, kuma kusan irin wannan maki a kan sake nema daga gare shi in yana son wucewa zuwa digiri na biyu.

Wannan lissafi ne kawai. Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne sa'o'in nan 300, domin su ne dalilin shekarar duka.

Ɗalibin digiri na farko, a ko'ina yake, mai amsa tambaya ne. Malami ya karanta, ya tace, ya kawo masa a aji, sa'an nan ya tambaye shi a jarrabawa. Wanda ya iya riƙe abin da aka faɗa, ya kuma iya mayar da shi cikin tsari, ya ci. A shekarar Onas sai a juya masa al'amarin. A tara su su takwas ko goma a kewaye da tebur, a ba su abin karantawa mai yawa, malami ya zauna ya yi shiru yana jiran su. Sa'an nan a ce wa kowa ya kawo tambayar da zai kwana da ita har ƙarshen shekara. A nan ne a kan ga ɗalibin da bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba ya yi tsuru tsuru, domin ba a taɓa neman tambaya daga gare shi ba.

A ilmin kimiyya abin yana da ɗan sauƙi, tun da malami yana da ɗakin gwaji, yana da aikin da ya riga ya fara, sai ya yanka wa ɗalibi yanki. A fannin fasaha ba haka ba ne. Ɗalibi kan zo da buri mai faɗin sararin sama. Alal misali, ya ce zai rubuta tarihin yadda baƙar fata suka yi yaƙi da wariyar launin fata da alƙalami. Malamin kirki ba zai yaba masa ba. Zai tambaye shi: da wane harshe, a wace jarida, a waɗanne shekaru? Akwai Imvo Zabantsundu, wadda John Tengo Jabavu ya kafa a 1884 da harshen Kosa, akwai Ilanga lase Natal, wadda John Dube ya kafa a 1903 da harshen Zulu. In ɗalibin ya yi sa'a, bayan wata biyu ana ja ana saki, zai koma ga wasiƙun masu karatu na jarida ɗaya a cikin shekara biyu, yana neman sanin su wane ne ke rubutowa, kuma me ke damunsu. Zai ji kamar an ƙasƙanta shi. Alhali kuwa a ranar ce ya fara aiki, domin wannan tambaya ce da mutum ɗaya zai iya amsawa da hujja a kundi mai kalma 10,000 ko sama da haka kaɗan. Ɗalibin Hausa da ya taɓa zama da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ya san yawan abin da ke kwance a shafi guda na wasiƙu.

Tarihin Benedict Wallet Vilakazi ya isa misali a kan abin da irin wannan horo yake yi wa mutum. An haife shi a 1906 a lardin Natal. Malamin makaranta ne, ya yi karatun digiri na farko a gida yana koyarwa, ya samu a 1934. A 1935 ya fitar da littafin waƙoƙinsa na Zulu, Inkondlo kaZulu. Jami'ar Witwatersrand ta Johannesbag ta ɗauke shi aiki a sashen harsunan Bantu tare da Farfesa Doke, amma saboda launin fatarsa ba a kira shi lacara ba, sai mataimaki a kan harshe. A can ya yi Onas, ya yi digiri na biyu, a 1946 kuma ya sami na dakta a kan adabin baka da rubutacce na harsunan Nguni. Shi ne baƙar fata na farko a ƙasar da ya kai wannan matsayi. Ya rasu a 1947, ƙamus ɗin Zulu da Turanci da suka yi da Doke ya fito a 1948. Titin nan na Soweto da Mandela da Desmond Tutu suka zauna a kansa, sunansa yake ɗauke da shi.

Abin lura a nan shi ne tambayar da ya riƙe. A maƙalarsa ta 1938 ya duba kirarin sarakunan Zulu, wanda suke kira izibongo, ya nemi sanin inda ma'auninsa yake, sa'an nan ya kawo ra'ayin cewa rubutacciyar waƙar Zulu za ta ƙaru in ta ari amsa-amo da karin waƙar Turawa. Wani marubuci, H. I. E. Dhlomo, ya tashi ya ƙalubalance shi a rubuce, ya ce ƙarfin waƙar Afirka a rauji yake, ba a ƙafiyar aro ba. Da Vilakazi ya fitar da littafin waƙoƙinsa na biyu, Amal'ezulu, a 1945, sai aka ga ya saki amsa-amon nan a yawancin waƙoƙin. Mutumin da ya koyi kafa hujja ya koyi kuma sauka daga kanta in ta gaza. Masu nazarin Hausa ba baƙi ba ne ga irin wannan gardama, domin tun maƙalar Greenberg ta 1949 ake tattauna dangantakar karin rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci, da kuma inda waƙar makaɗa ta tsaya a tsakani.

Tsarin ba ya rasa aibu, kuma babban aibunsa kuɗi ne. Tallafin da gwamnatin ƙasar ke bai wa 'ya'yan talakawa ya fi ƙarfi a digiri na farko. Yaron da ya gama shekara uku, iyaye na jiran albashinsa, da wuya ya iya cewa a ƙara masa shekara. Saboda haka ƙofar bincike takan zama ƙunci tun a matakin farko, kuma waɗanda ke makalewa a cikinta su ne jikokin mutanen da dokar 1959 ta hana shiga jami'o'in Turawa sai da izinin minista. Tsarin Nijeriya ya fi adalci ta wannan fuska, tun da kowane ɗalibi yana rubuta kundi kafin ya fita. Sai dai adalcin yana da tsada. Malami ɗaya da aka ɗora wa kundi talatin ba zai iya zama da kowa har ya sassaƙe masa tambaya ba. Sakamakon kuwa ana ganinsa a kan kantocin sassa: kundi bayan kundi a kan rayuwa da waƙoƙin makaɗi wane, an kawo haihuwarsa, an jera waƙoƙinsa, an yi godiya, ba a tambayi kome ba. Gwanda shafi arba'in da suka warware abu ɗaya da shafi ɗari biyu na jeri.

Saura magana ga ma'aikata, domin a cikinku akwai masu neman hutun ƙaro ilmi. A kan ce karatun adabi da tarihi ba ya gina gada. Gaskiya ne. Amma jami'in da aka miƙa wa fayil na rikicin gona, mai takardu ashirin masu saɓa wa juna, aikin da ke gabansa shi ne na ɗalibin tarihi: wa ya rubuta wannan, yaushe, me yake nema, me ya ɓoye? Wanda ya yi wata tara yana wannan a kan jarida ɗaya ba zai sa hannu a kan takardar da ya fara cin karo da ita ba.

Wanda ya yi niyyar tafiya Afirka ta Kudu, ko ya yi karatun daga gida ta hanyar jami'ar UNISA, wadda ke koyarwa daga nesa tun 1946, ya san abu biyu. Na farko, sai hukumar tantance takardun ilmi ta ƙasar, watau SAQA, ta auna digirinsa ta faɗi hawan da yake. Kalmar Onas da ke jikin takardarsa ba ta isa ta kai shi digiri na biyu kai tsaye ba, kuma sashe yana da ikon ya ce ya fara yin shekarar tukuna, musamman in zai sauya fanni. Na biyu, takardar da zai komo da ita bayan shekarar tana ɗauke da sunan B.A. ne. Kwamitin ƙarin girma da bai san tsarin ba yana iya ɗauka cewa mutumin ya je ya maimaita digiri na farko ne da kuɗin gwamnati. Saboda haka tun kafin ya nemi biza, ya sa ma'aikatarsa ta rubuta masa a takarda matsayin da za ta ba wannan shaida in ya dawo, ya kuma ajiye kofe a fayil ɗinsa.