Shirin Motar Rangadi: Yadda A Ke Ɗaura Kayan Tsamo Mota Daga Laka Da Yashi

*Jawabi ga hakimai da malamansu*

Abin da ya tara mu yau shi ne zancen motar rangadi, da kayan da a ke tsamo ta da su in ta kafe, da kuma wurin da ya kamata a ɗaura kowane ɗaya daga cikinsu.

A zamanin da, hakimi bisa doki ya ke zaga ƙasarsa, doki kuwa ya san inda zai sa ƙafa. A shekarar 1948 aka fito da Land Rover a Ingila, a 1954 kuma kamfanin Toyota na Japan ya sa wa tasa motar suna Land Cruiser. Tun daga sa'an nan irin waɗannan motoci masu ja da ƙafa huɗu su ka yi ta karɓar aikin doki. Amma ƙasa ba ta sāke ba. Wanda ya san fadamun Haɗeja da Nguru a watan Agusta da Satumba ya san laka. Wanda ya bi Yusufari ko Machina da rani ya san rairayi. A wajen Dikwa da Marte kuwa akwai baƙar ƙasar nan da Barebari ke kira firgi, wadda da rani ta kan tsage ta yi tauri kamar dutse, da ruwa ya taɓa ta sai ta riƙe taya kamar ƙaro.

Ku kun fi ni sanin cewa motar hakimi ba ta hakimi kaɗai ba ce. Ita a ke bugo wa ƙofa da tsakar dare in mace ta kasa haihuwa a ƙauye, ita ke kai ma'aikatan rigakafi, ita ke zuwa rabon faɗa tsakanin manomi da makiyayi tun kafin jini ya zuba. In ta kwana cikin laka, duk waɗannan sun kwana tare da ita. Mutane da yawa su kan sayi kayan tsamo mota masu tsada, su tara su a bayan mota, su ce sun shirya. Sayen kaya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ɗaura su daidai, gama kayan da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba su kan zama sanadin haɗarin da ya fi kafewar muni. Ƙa'idodin uku ne: mai nauyi ya zauna ƙasa, ja ya fito daga shasi, kowane abu kuma ya kasance inda hannu zai kai gare shi bayan mota ta nutse.

Mai nauyi ya zauna ƙasa

Irin motocin nan dogaye ne, an ɗaga cikinsu domin su tsallake kwari da kututture. Saboda haka sun fi ƙananan motoci saurin kifewa. Duk abin da aka ɗora bisa rufi ƙara musu wannan hali ya ke yi, kamar yadda kwale-kwale kan yi tangaɗi in fasinja su ka miƙe tsaye. Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka, an rubuta shi cikin littafin da ta zo da shi, a motoci da yawa kuwa bai wuce kilo 75 zuwa 100 ba, har da nauyin kariyar kanta.

Malamai, ga lissafi. A ce kariyar ƙarfe kilo 25 ce, safaya taya kilo 35, jarka biyu ta ƙarfe cike da man dizal, kowace lita 20, wajen kilo 42. An haye kilo 100 ke nan, ba a ko sa buhu ɗaya na gero ba. Mota mai irin wannan lodi in ta karkata a gefen kwalbati, ko direba ya kauce wa akuya da sauri, sai ta kwanta.

Don haka rufi na kaya marasa nauyi ne: allunan da a ke shimfiɗa wa taya cikin yashi, da shebur mai dogon ƙota, da tabarmi. Shebur a yi masa maƙali biyu a gefen kariya, masu noti, kada a ɗaure shi da tsumman roba. Sarƙa, da akwatin sifana, da jak, da ruwan sha, su zauna a daɓen mota, tsakanin ƙafafun gaba da na baya in da hali. Tilas ne kuma a ɗaure su da ɗamara mai ƙarfi ga zobban da ke daɓen. Ƙarfen da aka ajiye sake a bayan fasinja, ran da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, gaba zai taho da saurin da mota ke yi, kan mutum kuwa shi ne a gabansa. Fetur kada ya shiga inda mutane ke zaune ko kaɗan. Wurin jarkarsa waje ne, cikin maƙalin da aka ƙera dominta, nesa da salansa.

Har wa yau a lura da ƙofar baya. In masu mota sun rataye safaya a jikinta, sun auna ƙarfin maƙalanta da taya ɗaya ne. Wanda ya ƙara jak da jarka a kai, gargadar hanya za ta tsage ƙofar a hankali. In ana son ƙari, sai a sa maƙali dabam wanda ya kafu a bambar ƙarfe.

Ja ya fito daga shasi

Wannan ƙa'ida ce da saɓa mata kan kashe mutane. Motar da ta nutse cikin laka har aksul, ƙarfin da zai fizgo ta ya kan kai nauyinta duka, wani lokaci ya fi. Babu abin da zai jure wannan sai shasi, watau dogayen ƙarafan nan biyu da injin da bodi ke zaune a kansu.

Akwai wurare uku da direbobi kan maƙala igiya, dukansu kuwa haram ne ga motar hakimi. Na farko shi ne dunƙulen ƙarfen nan na baya da a ke jan tirela da shi. An yi shi domin ja a hankali bisa hanya. In aka fizge shi sai wuyansa ya karye, igiya ta harba shi kamar dutse daga majajjawa, ya fasa gilashin motar da ke ja. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe dabam dabam. Na biyu su ne ƙananan zobban da ke ƙarƙashin mota, waɗanda aka yi domin ɗaure ta cikin jirgin ruwa ko bisa babbar mota. Na uku ita ce bamba ta roba ko ta falle.

Abin da ya wajaba shi ne a sa ƙugiyoyin ja na musamman, biyu gaba, aƙalla ɗaya baya, waɗanda aka buga musu iyakar ƙarfinsu a jiki. A ɗaura su ga shasi da kusoshi masu noti na ƙarfe mai tauri. Ku duba kan kusar, za ku ga lamba: 8.8 ko 10.9. Wadda ba ta da lamba, a mayar wa mai ita. Kada a yarda mai walda ya liƙa ƙugiya da wuta kurum, gama ba a ganin ƙarfin walda da ido, zafin wuta kuma ya kan raunana shasi. Marin ƙarfe da a ke haɗa igiya da ƙugiya shi ma yana da lambarsa, galibi tan 3.25 ko tan 4.75. Wanda ba a rubuta masa kome ba, ya tafi turken shanu.

Sai zancen na'urar nan mai naɗe waya da ƙarfin batir, wadda a ke ce wa winci. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce ƙarfinta ya kai nauyin mota da lodinta sau ɗaya da rabi. Motar da ta kai kilo 3,000 da lodi tana bukatar mai jan kilo 4,500, watau kusan laba 10,000, domin da laba a kan rubuta ƙarfinsu. Mazauninta farantin ƙarfe ne mai kauri wanda aka ɗaura ga ƙarafan shasi biyu. A tabbata ba ta toshe iskar da ke shiga lagireto ba, gama a watan Afrilu zafi ya kan wuce awo 40, injin da bai sami iska ba kuwa tafasa zai yi. Wayoyinta masu kauri su tafi batir kai tsaye, da makunni na raba wuta, a kuma lulluɓe su duk inda su ka gifta bakin ƙarfe, domin in su ka goge gobara ce. Idan motar tana da jakar iska mai kare direba ran karo, kada a sa mata bambar ƙarfe sai wadda aka ƙera domin irinta, don kada jakar ta fashe ba lokacinta ba, ko ta makara. A tuna kuma winci da bambarsa nauyi ne bisa sifirin na gaba, sai makaniki ya duba ko za su ɗauka.

Dogon jak ɗin nan da a ke kira Hi-Lift, wanda asalinsa daga jihar Indiana ta Amurka ya ke, yana da amfani ƙwarai, yana kuma da haɗari ƙwarai. Mai tsawon inci 48 nauyinsa kusan kilo 13 ne. Ba ya aiki sai mota tana da wurin ƙarfe da bakinsa zai kama, saboda haka motar da bambarta ta roba ce ba ta da abin yi da shi. In za a ɗaura shi, a kafa shi da noti biyu a bambar baya ko a daɓe, a rufe kansa da jaka saboda ƙura, a riƙa sa masa mai. Ya yi tafiya tare da katako mai faɗi da kauri wanda zai tsaya a kai. Kada kowa ya sa kansa bisa saitin hannunsa, gama ya kan ƙwace ya doki haɓa, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke bisansa.

Inda hannu zai kai

Mota ba ta kafewa a wuri mai daɗi. Sau da yawa gindinta ne cikin ruwa, ƙofar baya ba ta buɗuwa, ko kuwa igiya tana can ƙarƙashin buhuna goma. Don haka igiyar ja, da mari biyu, da safar hannu ta fata, da tocila, a haɗa su cikin jaka ɗaya a ajiye ƙarƙashin kujera ko bayanta, inda za a ɗauko ta ƙofar gefe. Direba mai hankali, in ya ga mashigi mai shakka, tun bai shiga ba ya kan maƙala igiya ga ƙugiya ya naɗe sauran bisa kariya, domin kada ya yi lalube cikin laka.

Mai zuwa ƙasar rairayi kada ya bar famfon taya da ma'aunin iska. In aka rage iskar taya zuwa wajen awo 18, tafinta ya kan ƙara shimfiɗuwa ta hau bisa yashi. Amma sai a tafi a hankali, da an hau hanya mai tauri kuma a mayar da iskar. Inda babu itacen da za a ɗaura winci, a kan haƙa rami mai zurfi a binne safaya, a ja daga gare ta, shi ya sa shebur ba ya zama gida. Duk abin da aka ɗaura kuma kada ya rufe lambar mota, ko fitilu, ko ganin direba. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna da ikon tsayar da mota saboda haka.

Aikin hakimi da na malaminsa

Ranku shi daɗe, akwai abin da babu mai iya yinsa sai ku. Da motar hakimi ta kafe, gari duka zai fito taimako, yara a gaba. Wannan alheri ne, amma igiyar da ta tsinke ba ta san mai alheri ba. Ku umurci dagaci ya kawar da jama'a gefe, nisan da ya fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi, kada kowa ya tsaya a saitinta ko ya tsallake ta. A yafa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyarta domin ya kashe ƙarfinta in ta tsinke. Mutum ɗaya tak zai ba da umurni. Waya ta winci kuma kada a warware ta duka, a bar aƙalla naɗi biyar.

Ku kuma malamai, ku buɗe shafi cikin littafin ofis domin motar. Ku rubuta kowane kaya, da lambar ƙarfinsa, da wurin zamansa, da ranar da aka duba shi. Cikin watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, a fitar da kome a shimfiɗa a gabanku. Igiyar da ta fara zarewa a sāke ta. Bayan kowane rangadi direba ya bi notuna da sifana, gama gargada tana kwance su, ya wanke igiya da ruwa ya shanya a inuwa, domin yashi yana cin zarenta, rana kuma tana ƙona shi. Sa'an nan ku tara direba da yaran mota su gwada jak da winci a fili, da rana, har hannunsu ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa sarakunanmu lafiya. Haza wasalam.