Daga Wawa zuwa Daƙiƙi: Nauyin Kalma a Bakin Malami



Kowane harshe yana da tarin sunayen da yake kiran marar wayo da su, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. A Hausa, wawa shi ne mai aikata abin dariya, har sarakuna kan ajiye nasu a fada. Dolo kuwa ruɗinsa ba wuya. Sakarai da shashasha ba rashin basira ake zarginsu da shi ba, rashin kula ne. Daƙiƙi shi kaɗai ne aka ware wa ɗalibi, wanda karatu ba ya shiga kansa.

Mutanen Sukotlan ma haka suke rarrabewa. Suna cewa eejit, wato yadda su da mutanen Ailan suke furta idiot, yawanci cikin raha. Numpty ta fi sauƙi, aboki kan faɗa wa aboki in ya yi shirme. Glaikit tana siffanta mai kallo baki sake, kamar dolonmu. Gowk kuwa asalinta sunan tsuntsu ne, kuma da ita suke kiran wanda aka aika aiken banza ranar 1 ga Afrilu.

Wadda ta fi shafarmu ita ce dunce, daƙiƙin Turawa. Daga sunan John Duns Scotus ta fito, mashahurin malamin falsafa ɗan Sukotlan da ya rasu a birnin Kolon a 1308. A ƙarni na 16 masu adawa da koyarwarsa suka riƙa yi wa mabiyansa ba'a da sunansa, har ya koma zagi. Daga baya makarantun Birtaniya da Amurka suka riƙa kifa wa yaron da ya kāsa hula mai tsini, a tsayar da shi a lungun aji.

Abin lura shi ne, sauran kalmomin aikin mutum na yau suke suka, gobe an manta. Daƙiƙi kuwa hukunci ne a kan ƙwaƙwalwar yaro ɗungurungum, kuma daga bakinmu ya fi fitowa. Magana zarar bunu ce: mu faɗa sau ɗaya, 'yan aji su ɗauka, ta bi shi har gida. Sau da yawa kuma yunwa ce ke damunsa, ko ba ya hangen allo, ko ba ya ji sosai.

Idan malami irin Duns bai tsira daga wannan suna ba, ina ga yaron aji uku? Mu gyara kuskuren, mu bar wa yaro sunansa na yanka.