Kabarin da Ba Wanda Ya Sani

Yau za mu yi tunani a kan wani saurayi wanda ya mutu a yaƙi, ba a kuwa sami gawarsa an binne ba.

Sunansa Brendan Finucane. An haife shi a birnin Dablin na ƙasar Ailan a 1920. Ya shiga sojan sama na Birtaniya a 1938, yana kuma cikin matuƙan da suka tare jiragen Jamus a sararin Ingila a 1940. Yana ɗan shekara 21 aka ba shi muƙamin kwamanda. Ran 15 ga Yuli, 1942, ya ja ayarin jirage zuwa gaɓar Faransa. Suna tafiya ƙasa-ƙasa sai aka harbo daga tudu, harsashi ya fasa lagireton jirginsa. Ya juya zai koma Ingila, amma injin bai kai shi ba. Ya sauka a kan teku, jirgin ya nutse da shi, abokin tafiyarsa yana kallo daga sama. Tun daga ranar ba a ƙara ganinsa ba.

A Runnymede, bisa wani tudu kusa da kogin Thames, akwai ginin tunawa da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 1953. An sassaƙa sunaye fiye da 20,000 a bangonsa, na sojan sama maza da mata waɗanda ba su da sanannen kabari. Sunan saurayin nan yana ciki. Mu ma wannan ciwo ba baƙo ba ne a gare mu, gama a yaƙin nan ne aka kwashi iyayenmu da kakanninmu zuwa Bama, waɗansu kuwa daji ya riƙe su har wa yau.

Mun san amfanin kabari. Wanda ya zuba ƙasa a kan ɗansa ya yi kuka ƙwarai, amma ya san inda kukan ya tsaya. Wanda bai ga gawa ba, ko ƙofa ta motsa sai gabansa ya faɗi. Tambayar da take cin zuciyarsa ita ce: ɗan nan nawa ya ɓace wa Allah ma?

Bari mu duba Musa, bawan Allah. Sura ta ƙarshe ta Maimaitawar Shari'a ta nuna mana ya rasu a ƙasar Mowab, Ubangiji da kansa ya binne shi a wani kwari. Isra'ilawa suka yi makoki kwana 30, ba wurin da za su nuna da yatsa. Amma bayan ɗaruruwan shekaru, sa'ad da kamannin Yesu ya sāke a bisa dutse, wane ne Bitrus ya gani tare da Iliya yana magana da Ubangiji? Musa ne, da sunansa, a raye. Mutane sun rasa kabarinsa, Allah kuwa bai rasa mutumin ba.

Haka kuma Wahayin Yahaya sura 20 ya koya mana cewa a ranar shari'a teku ma zai mayar da waɗanda ya haɗiye. Ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ajiya aka ba shi, mai ajiyar kuwa zai zo ya karɓa.

Saboda haka, 'yan'uwa, idan akwai mai jira irin wannan a ikilisiyarmu ko a unguwarmu, kada mu yi shiru don ba a yi jana'iza ba. Mu je mu zauna da shi, mu ambaci sunan wanda ya ɓata, mu yi addu'a tare. Mu kanmu kuma, tun da ba mu san inda za a kwantar da mu ba, mu tabbata muna hannun wanda kabarinsa yake wofi.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san zurfin teku da duhun daji. Ka ta'azantar da dukan waɗanda ba su da kabarin da za su tsaya a kai. Ka riƙe mu cikin begen tashin matattu, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.